Wat biyar daga Nima: in sayi kwamfuresa ko amfilifaya?

Tambaya: "Assalamu alaikum Baba. Ni mai gyaran waya ne a Circle, ina zaune a Nima, duk a birnin Akra na Gana. Bara na samu lasisin rediyon 'yan sha'awa daga NCA, hukumar sadarwa ta ƙasa, sai yayana ya aiko mini da rediyo Yaesu FT-817 na hannu, mai wat 5. Na ɗaura eriya a saman gida, kuma da yamma ina jin tashoshin Turai tar a kan mita 20 a gajeren zango. Amma in na kira, sai su ce sun san akwai mai magana, kalmomin ne ba sa kamawa. Na ƙure ƙarfin makirfo zuwa 100, wani ya ce muryata ta dagule. In na yi fito allurar mita tana kai wat 5, in na yi magana da ƙyar take wuce 1. An ce in sayi kwamfuresa. Za ta yi amfani, ko in tara kuɗi in sayi amfilifaya kawai?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kwamfuresa, wato na'urar da ke matse murya kafin a aika ta, za ta taimake ka, amma ita ce ta huɗu a layi, kuma ukun da ke gabanta ba sa cin ko sidi ɗaya. In ka tsallake su ka fara da ita, abin da mutanen Turai za su ji da ƙarfi shi ne fankar ɗakinka da aboboyan nan, babura masu ƙafa uku na ɗaukar kaya, da ke wucewa ta lungu.

Bari mu fara da allurar nan da ta tayar maka da hankali, domin rediyonka lafiyarsa lau. A tsarin SSB, wanda shi muke magana da shi a gajeren zango, rediyo ba ya fitar da komai in ka yi shiru, ko da ka danne maɓallin magana. Ƙarfin da ke fita yana bin ƙarfin muryarka ne a kowane ɗan lokaci. Fito sauti ɗaya ne miƙaƙƙe da ba ya hawa ba ya sauka, shi ya sa allura ke samun lokacin tafiya har ƙarshe ta tsaya. Magana kuwa tsalle-tsalle ce: wasali mai ƙarfi ya harba sama na ɗan ƙiftawar ido, baƙi ya biyo a raunane, sai ɗan shiru, sai wata gaɓa. Allura ƙarfe ce mai nauyi, kafin ta motsa tsinin ya wuce. Wat 5 da aka rubuta wa rediyonka ma'aunin wannan tsinin ne, abin da ake kira PEP. Saboda haka kana taɓa wat 5 ɗinka a tsinin kalma, amma matsakaicin abin da ke fita a tsawon jimla ɗan kaɗan ne, sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Shi kuma kunnen mai sauraro a cikin shuuu ɗin gajeren zango, da matsakaicin yake aiki.

Ka ɗauki babbar motar kaya da za ta bi ta ƙarƙashin gada. Tsayin gadar shi ne wat 5, ba ya canzawa. In akwai sanda ɗaya da ta miƙe sama a cikin lodin, dole a bar sauran kayan can ƙasa don sandar ta wuce, mota ta tafi rabi fanko. In aka kwantar da sandar aka baje lodin ya yi bai ɗaya, sai a cika mota taf har kusa da gadar, ta wuce lafiya. Aikin kwamfuresa ke nan kaf. Ba ta ƙara maka wat ko rabi. Tana danne wurare masu ƙarfi ne a muryarka don a samu damar ɗaga masu rauni.

Nawa ne ribar? A lissafin desibel, ma'aunin da ake kwatanta ƙarfin sigina da shi, ninka ƙarfi sau biyu 3 ne, sau huɗu 6, sau goma 10. Maki ɗaya a ma'aunin S, mai nuna ƙarfin sigina a rediyon mai sauraronka, desibel 6 ne. Daga wat 5 zuwa wat 100 desibel 13 ne, wato maki biyu da ɗan ɗoriya, ba wani tsauni ba ne kamar yadda lambobin ke tsorata mutum. In gyaran murya ya ɗaga maka matsakaici da desibel 6, a kunnen mutumin Jamus kamar ka koma wat 20 ne. Wannan shi ne iyakar abin da mai hankali zai sa rai a kai da na'ura mai kyau, kuma da ƙaramar kwamfuresa ta cikin makirfo abin da za ka samu bai kai haka ba. Duk da haka a bakin gaɓar ji da rashin ji, desibel 2 ko 3 su ne bambancin "sake faɗa" da "na rubuta ka".

Yanzu ga inda na fi son ka tsaya ka natsu, don nan ne mafi yawan masu ƙaramin rediyo ke zubar da ƙarfinsu. Ƙarfin murya da ma'anar magana ba wuri ɗaya suke zaune ba. Muryar namiji tana kaɗawa daga wajen haz 85 zuwa 180 (haz shi ne yawan kaɗawa a daƙiƙa ɗaya), kuma mafi yawan ƙarfinta, wato kaurin nan da ke fitowa daga ƙirji, yana ƙasa da haz 1,000, a cikin wasula. Abin da ke raba kalma da kalma kuwa baƙaƙe ne, s da sh da ts da t da k, su kuma suna can sama, daga wajen haz 1,500 zuwa 3,000 har gaba, ga su marasa ƙarfi. Ka faɗi "sara", "shara", "tsara", "tara" a jere ka saurari kanka. Wasulan iri ɗaya ne, kuma su suka kwashe kusan duk ƙarfin. Ɗan hucin da ke farkon kalma ne kaɗai ke gaya wa mutum wacce ka faɗa. In ka bar kaurin muryarka ya cinye wat 5 ɗin, mutumin can zai ji "a-a, a-a" ya san akwai mai magana, daidai abin da suka gaya maka. Ba ƙarfi ka rasa ba da farko, ƙarfin ne ke tafiya inda ba ma'ana.

Maganin, wanda shi ne na farko cikin ukun nan, shi ne a yanke ƙasa, duk abin da bai kai haz 300 ba a zubar, a ɗan ɗaga wajen 2,000. Wasu 'yan'uwa sukan ji tsoro cewa tunda Hausa da karin sauti take rarrabe kalmomi, yanke ƙasan zai kashe hawa da saukar murya. Ba ya kashewa. Layin tarho na da daga haz 300 zuwa 3,400 yake ɗauka, kuma iyayenmu sun yi ciniki da Kano da Kumasi a kansa ba tare da an rikita ba, domin kunne yana gane karin daga sautukan sama da ke bin na ƙasan. A rediyonka abin yana da sauƙi. Juya makirfon MH-31 da ya zo da shi, a bayansa akwai ɗan makunni mai lamba 1 da 2. Lamba 2 tana rage kauri. Mutane da yawa sun shekara da makirfon a hannu ba su taɓa juya shi sun duba ba. Sannan a cikin menu akwai inda ake gusa sautin da ake aikawa sama ko ƙasa, ɗaya na USB ɗaya na LSB, wato nau'o'in SSB guda biyu; in muryarka mai kauri ce, gusa shi kaɗan kaɗan kana saurare har kaurin ya ragu. Kai da kanka za ka ji muryar ta yi siriri, ba daɗi. Bar ta haka. Ba mai gabatar da labarai ba ne kai, so kake a kama lambar kiranka a cikin hayaniya.

Na biyu, bakinka da makirfo. Wannan ya fi shafarmu mu mazauna zango fiye da mutumin da ke ƙauyen Turai shi kaɗai a ɗaki. Duk sanda ka rage nisan baki da makirfo da rabi, muryarka tana ƙaruwa da wajen desibel 6 a kunnen makirfon, alhali ƙarar waje tana nan yadda take. Mai riƙe makirfo a nisan taƙi guda dole ya buɗe ƙarfi sosai, ya kwaso injin niƙan maƙwabta da lasifikar mai sayar da magani. Kai ka kawo shi kamar faɗin yatsu biyu daga leɓe, amma ka karkata shi gefe, ka yi magana ta gefensa, kada ka hura masa iska kai tsaye. Mu Hausawa da leɓɓa biyu muke furta f, iska take fita da ita bul, kuma wannan bugun iskar shi kaɗai yana iya harba rediyo zuwa ƙololuwa ya danne gaɓar da ke biye. Ɗan soso siriri a fuskar makirfon yana rage shi. Kada ka ɗaga murya, ka yi magana kamar da mutumin da ke zaune gefenka a benci, ka kuma ƙarasa ƙarshen kalmominka, domin da yawanmu mukan haɗiye gaɓar ƙarshe. Ka juya bayan makirfon ga taga, ka kashe fanka ko ka kauce daga iskarta na 'yan mintocin da kake kira.

Na uku shi ne abin da ka ɓata da ka kai 100. A cikin rediyo akwai wani mai gadi da ake kira ALC. Aikinsa ya kare taransistocin ƙarshe: in ya ga sigina za ta wuce iyaka sai ya ja ƙarfi baya. Sai dai bayan tsinin ya riga ya iso yake farga, saboda haka farkon kowace gaɓa mai ƙarfi yana kutsawa ya daki rufi kafin a ja shi. In ka ƙure makirfo, kowace gaɓa haka take yi. Sakamakon biyu ne: muryarka ta dagule a inda kake, sannan ta fantsama hagu da dama ta shiga hirar waɗanda ke kilohaz 5 ko 10 daga gare ka. Wannan fantsamar daga cikin wat 5 ɗinka ake cire ta, kuma ba wanda ke amfana da ita. Wat 5 ma yana iya damun mutane in zango ya buɗe, kuma alamar 9G, wadda lambar kiran 'yan Gana ke farawa da ita, ba ta da yawa a iska, duk wanda ya ji ƙazamar sigina daga Gana zai riƙe ta. Koma menu mai lamba 46, wanda aka rubuta SSB MIC, ka mayar da shi 50 yadda ya fito daga kamfani. Sa mitar fuskar rediyon ta nuna ALC maimakon ƙarfi. Yi magana yadda za ka yi a iska, ba fito ba, ba "aaalo" mai tsawo ba. Abin da kake so shi ne sandunan ALC su riƙa leƙowa kaɗan a kan gaɓoɓi masu ƙarfi su koma. In sun hau sun zauna, rage. Da ka matso da makirfo kusa da baki, kada ka yi mamaki in ka tsinci kanka ƙasa da 50.

In ka yi waɗannan ukun ka kira da yamma biyu ko uku, ina kyautata zaton rahoton da za a ba ka zai riga ya canza. Sai a zo maganar kwamfuresa.

Abubuwan da ake sayarwa da wannan suna ba iri ɗaya ba ne, kuma bambancinsu ne ke sa wani ya yaba wani ya tsine. Iri na farko yana bin ƙarfin murya ne yana murɗa ƙarfi sama da ƙasa da kansa, gaɓa bayan gaɓa. Shi ne mafi sauƙi, ba ya dagula murya sosai, yana ɗaga kalmomin da ka faɗa a raunane, amma tsinin da ke cikin gaɓa ɗaya yana nan, don haka ribarsa matsakaiciya ce. Iri na biyu yana datse kan tsinin ne ƙaf tun murya tana matsayin sauti. Yana ƙara matsakaici sosai, sai dai datsewa tana haifar da sababbin sautuka ninki biyu, ninki uku na asali. In ka datse sautin haz 500, 'ya'yansa suna faɗowa a 1,000 da 1,500 da 2,500, tsakiyar inda baƙaƙenka suke, kuma ba filtar da za ta iya cire su ba tare da ta cire maganar ba. Wannan ma wani dalili ne na yanke kauri kafin komai. Iri na uku dabara ce mai kyau: a fara mayar da muryar siginar SSB a can sama, misali a kilohaz 455, a datse ta a can, ninkin ya faɗa a 910 zuwa sama, nesa da hanya, filta ta share shi cikin sauƙi. Wannan shi ne ke kawo desibel 6 ɗin da na ambata da murya mai tsabta, kuma shi tsofaffin manyan rediyoyi ke alfahari da shi. A 2014 wani injiniya ɗan Amurka, David Hershberger, mai lambar kira W9GR, ya wallafa wata hanya a mujallar QEX da ya kira CESSB, wadda ke maganin tsinin da filta kanta ke sake haifarwa bayan an datse. Ya nuna ƙarin wajen desibel 2.5 a matsakaici ba tare da fantsama ba. Rediyoyin da ke sarrafa murya da manhaja, irin na FlexRadio, su suka fara ɗaukarta.

FT-817 bai zo da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, sai dai a ƙara masa daga waje. Akwai waɗanda aka ƙera domin shi, da ake sa wa tsakanin makirfo da rediyo, irin na SOTAbeams na Ingila da DYC-817 na Jamus. Amma kai da ke kwance waya kullum da abin hura zafi a hannu, wannan aikin bai kai canza tashar caji wuya ba. Nemi ɗan allo mai ɗauke da SSM2167 na kamfanin Analog Devices, ana samunsa da araha a intanet. Iri na farko ne, yana aiki da wuta daga wajen bolt 3 zuwa 5, kuma soket ɗin makirfon rediyonka yana da ƙafa mai bolt 5, don haka ba ka bukatar batir. Resista ɗaya ce ke yanke yawan matsewa: wajen kilo-om 15 tana ba da biyu bisa ɗaya, 35 uku bisa ɗaya, har zuwa goma bisa ɗaya a 175. Ma'anar uku bisa ɗaya ita ce in muryarka ta hau da desibel 3, abin da ke fita ya hau da 1 kawai. Auna resistar da ta zo a kan allon da mitarka kafin ka yarda da abin da mai sayarwa ya rubuta. Sauran tarkacen, resistoci da kafasitoci, Zongo Lane za ka same su.

Abu biyu ke kayar da masu wannan haɗin. Na farko, abin da allon ke fitarwa ya ninka na makirfo sau da yawa. In ka zuba shi kai tsaye cikin rediyo ka koma gidan jiya, har ma ya fi 100 ɗinka muni. Sa ƙaramar resista mai juyawa ta kilo-om 10 a bakin fitarsa, ka rage har ALC ya koma leƙowar nan da na faɗa. Na biyu, siginar da kake aikawa tana iya dawowa ta wayar makirfo, kwamfuresa ta ɗauke ta a matsayin murya mai rauni ta ɗaga ta. Alamarta ita ce murya mai kyau a wat 1, mai kakkaɓi da gurnani a wat 5. A gidajenmu na haya inda eriya ke 'yan mitoci kaɗan saman kai, kuma ba kowane soket ke da wayar ƙasa ta gaskiya ba, wannan ba baƙon abu ba ne. Gajarta wayoyi, sa kafasita ta nanofarad 1 daga shigar makirfo zuwa ƙasa, naɗa wayar makirfon a zoben ferayit, ka kuma naɗa kebul ɗin eriya a babban zobe mai lamba 31 ko 43 kusa da inda ya haɗu da eriyar. In kana jin wani huuum a ƙarƙashin muryar, na wutar gida ne mai haz 50, gwada rediyon a kan batir ka ga ko zai ɓace.

To nawa za a matse? A nan ra'ayina ya saɓa da na masu rubutu daga ƙasashen da dare ke yin tsit. Kwamfuresa ba ta san murya ba, ƙarfi da rauni kawai ta sani. Da ka yi shiru don jan numfashi, sai ta buɗe ƙarfi tana neman abin ɗagawa, ta samu janareton mai shagon aski da ruwan sama a kan kwano. In ka matse da desibel 15, ka ɗaga waɗannan da desibel 15. Mai sauraro sai ya ji shuu yana kumbura tsakanin kalmomi, gaɓoɓin suka manne da juna, ya rasa inda ɗaya ta ƙare wata ta fara, garin neman ƙiba an samo rama. Allon SSM2167 yana da wata resista ta biyu mai rufe ƙofa in sauti ya yi ƙasa da wani mataki, kuma a Nima tana da amfani ƙwarai, amma in ka tsananta ta za ta riƙa cinye s da f na farkon kalma, waɗanda dominsu muke duk wannan wahala. Ni dai a unguwa irin taku ba na wuce uku bisa ɗaya, kuma biyu bisa ɗaya nake fara gwadawa. In ka ɗauki rediyon ka hau tudun Aburi ranar hutu, ko ka je bakin teku inda ruwan gishiri ke taimakon sigina, kana iya ƙarawa, muddin ka kare makirfo daga iska. Ka sa mata makunnin kashewa. In an ba ka rahoton 59, wato 5 na cikakkiyar fahimta da 9 na ƙarfin sigina, kashe ta, mutumin ya ji muryarka ta Allah.

Duk wannan gyaran ba a yanke masa hukunci da allura, kuma ba a yanke masa da abin da kake ji a kanka, domin kana jin muryarka ta cikin ƙashin kai. Kunnen nesa ake bukata. A gida, cire eriya ka ɗaura resista mai om 50 da za ta iya shanye wat 5, ka kunna wani rediyon gajeren zango mai kama SSB a ɗaya gefen ɗakin, ka naɗi abin da ya fito a wayarka. Rage ƙarfi ko ka nisanta shi har siginar ta yi rauni ta fara nutsewa cikin shuu, don a nan ne bambanci ke bayyana. Sigina mai ƙarfi kowane saiti daɗi take yi. Karanta jerin kalmomi masu kama da juna, irin "kaya, ƙaya, gaya, taya, tsaya", da lambobi a hargitse, ka ba wani a gida ya rubuta abin da ya ji ba tare da ya ga takardar ba. Yawan kalmomin da ya kama daidai shi ne makin saitin. Bayan haka ka gwada a iska. Jami'ar Twente da ke Holan tana da na'urar sauraro da kowa ke iya buɗewa ta intanet, tana kama gajeren zango gaba ɗaya, ga ta fiye da kilomita 5,000 daga Akra. Buɗe ta a waya da abin sawa a kunne, nemi wuri fanko kusa da megahaz 14.285 inda masu ƙaramin ƙarfi ke taruwa, tambayi ko akwai mai amfani da wurin, faɗi lambar kiranka, ka naɗi kanka. Za ka ga faɗin siginarka ma a allon: in ta wuce kilohaz 3 tana yin gashi a gefe, ka yi yawa. Gajeren zango yana hawa da sauka cikin daƙiƙoƙi, saboda haka ka canza abu ɗaya tak a lokaci guda, ka yi ta kunnawa da kashewa sau da yawa a jere kafin ka gaskata. In kuma mutum kake tambaya, kada ka ce "ya ƙarfina?" Tambaye shi lambar farko ta rahoton, wadda ke tafiya daga 1 zuwa 5, ita ce ta fahimta. Gara 53 da 37.

Ka sa ido kan zafi. Tunda matsakaicin ƙarfi ya hau, taransistocin ƙarshe ba sa samun hutun da suka saba tsakanin gaɓoɓi, kuma jikin FT-817 shi ne abin da ke sha musu zafi. A watan Fabrairu da Maris, a ɗaki mai rufin kwano, taɓa bayansa lokaci lokaci. In ya fi ƙarfin yatsa, dakata. Batir ma zai fi saurin ƙarewa, rediyon yana jan wajen amfiya 2 in yana aikawa. Wani abin da ya kamata ka duba tun yau: in da batir ɗin cikinsa kake aiki, kamar lokacin dumsor, wato ɗauke wutar lantarki, rediyon da kansa yake sauka zuwa wat 2.5 sai in ka tilasta shi. Desibel 3 ke nan sun tafi. Batir na waje mai bolt 12 da waya mai kauri ya fi. Lokacin ɗauke wutar kuwa, in maƙwabta ba su tayar da janareto ba, shi ne lokacin da kunnen rediyonka ya fi tsabta, don cajojin waya da ƙwayayen fitila masu arha da ke cika unguwa da ƙara duk sun mutu.

Duk abin da na faɗa na SSB ne. A FM, irin oba-oban da ake amfani da su a mita 2, ƙarfin da ke fita ɗaya ne ko ka yi magana ko ka yi shiru, matse murya ba ya ƙara nisa yadda yake yi a nan. In kuma ka haɗa kwamfuta don FT8, tsarin aika gajeren saƙo da kwamfuta maimakon murya, kada sautin ya bi ta kwamfuresa ko kaɗan, ALC ma kada ya motsa. Waɗanda ke da Icom IC-705 ba sa bukatar sayen komai, akwai COMP a ciki da zaɓin faɗin murya. Su ɗauki na tsakiya, haz 300 zuwa 2,700, su bi jerin nan dai yadda na kawo shi.

Saura amfilifaya. Ban hana ka ba, amma ba yanzu ba. Amfilifaya abin da aka ba ta take ninkawa, in ka ba ta dagulalliyar murya za ta kai ta Turai da ƙarfi, fantsamar ma ta ninku. Masu arhar da ke yawo a kasuwa da yawansu ba su da filtar da ke tare ninkin sigina, sai ka shiga talabijin ɗin maƙwabta, kuma dole ka duba iyakar ƙarfin da ajin lasisinka ya yarda da shi kafin ka saya. Ta wat 100 tana jan wajen amfiya 20, wato sabon abin ba da wuta da babban batir sun shiga lissafi. Kafin nan duba kebul ɗinka: mita 30 na siririn RG-58 yana cinye fiye da desibel 1.5 a megahaz 14, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinka, in kuma ruwa ya shige shi abin ya fi haka. Gajarta shi ko ka sa mai kauri, ka ɗaga eriyar ta rabu da kwanon rufi gwargwadon iko. Wannan ribar ta aikawa ce da ta ji a lokaci guda, abin da amfilifaya ba ta yi. In ka gama, turo mini abin da ka naɗa daga Twente, ɗaya da kwamfuresa a kashe ɗaya a kunne, mu saurara tare kafin ka taɓa kuɗin da kake tarawa.